Zagayen Katsina: Ƙofofi Bakwai Da Motar Da Ke Ɗingishi A Tsaye

Makon nan Katsina muka nufa, ta Dikko ɗakin kara. Kowace ta yafa mayafinta, 'yan makaranta kuma ku riƙo littafi da fensir, gama ba kallon gine-gine kaɗai zai kai mu ba. Akwai wani ilmi da ke zube a gindin itatuwan bakin ƙofofin birnin nan, wanda muka sakar wa maza, alhali kuwa ran da abin ya ɓaci mu da 'ya'yanmu ne ke kwana bakin hanya. Ilmin kuwa shi ne sanin abin da ke sa tsohuwar mota ta riƙa karkarwa da tari in an tsai da ita injin na aiki, da yadda a ke magance shi.

Shiga gari

In daga Kano kika fito, tafiyar kimanin kilomita 170 ce, watau mil 100 da 'yan kai, ta Ƙofar Ƙaura za ki shiga. Tun kafin ki iso za ki lura ƙasa ta sake. Jar ƙasa ta ragu, rairayi ya yawaita, ga gawo da aduwa jefi-jefi cikin gonaki. Ki riƙe maganar rairayin nan, za mu komo kanta.

Ƙofofin da aka fi sani bakwai ne, ko wace kuwa da inda ta dosa. Ƙofar Ƙaura ta dubi Kano. Ƙofar Ƙwaya ita ce hanyar Dutsin-ma. Ƙofar 'Yanɗaka, inda Gwamna Lugga ya shigo a 1903, ita ke kai mutum Batsari. Ƙofar Guga ta miƙa Jibiya, daga nan sai Maraɗi a ƙasar Nijar, inda sarakunan Haɓe na Katsina suka koma bayan jihadi. Ƙofar Sauri ta nufi Kaita, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa kuwa suna duban gabas. Ganuwa kam ruwan sama da gine-gine sun cinye mafi yawanta, amma ƙofofin an sake gina su, suna nan.

Ki fara da Gobarau. Hasumiya ce ta ƙasa, tsawonta kamar ƙafa 50, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. In kin jure hawa matakalarta, birni duk zai shimfiɗu gabanki kamar tabarma. Daga nan ki gangara Ƙofar Soro ki ga Gidan Korau, fadar Sarki, da filin Kangiwa inda dawaki ke sukuwa ran hawan salla. Sa'an nan ki wuce Rafukka ki ga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Cikin ɗakunan nan na ƙasa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato suka yi karatu. An mai da kwalejin Kaduna a 1938, ginin kuwa yanzu gidan adana kayan tarihi ne.

Ku 'yan makaranta, ku sani garin nan ba baƙon ilmi ba ne. Nan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suke kwance. Nan ne asalin Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya zo a 1851 ya yabi Hausar Katsinawa. Sarki Muhammadu Dikko kuma, da ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan da suka fara buɗe wa 'yan mata ƙofar makarantar zamani a Arewa. To, jikokin waɗannan ba su kamata su ji tsoron leƙa cikin injin ba.

Motar ƙauye

Ko wace ƙofa kika bi, kwalta za ta raka ki zuwa wani wuri, sa'an nan in ƙauye kika nufa ta sallame ki. Da rani rairayi ya riƙe taya, da damina rafi ya kawo, laka ta kama. Shi ya sa tun zamanin En'e ba a raba ƙasar nan da mota mai jan ƙafa huɗu, wadda direbobi ke cewa mai fowil. Land Rover, da aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ita ce ta ɗauki malaman gona da na dabbobi da masu allurar rigakafi shekara da shekaru. Daga baya irin su Toyota Land Cruiser da Hilux suka karɓe ta. Waɗansu tsofaffin har yanzu ba su ajiye aiki ba, suna kai buhuna kasuwa, suna ɗauko marar lafiya.

Ga inda maganar ta shafe mu. Motar da ba ta iya tsayuwa da kanta, da direba ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Ina kuwa a ke ɗaga ƙafa? A bakin rafi, a tsakiyar rairayi sa'ad da za a sake giya, a shingen 'yan sanda, a ƙofar asibiti. Ki ƙaddara mai naƙuda ce kwance a baya, ga magariba ta kawo jiki, ga shi a shekarun nan hanyoyin yammacin jihar sun sha fama da 'yan bindiga. A irin wannan wuri mutuwar injin ba ƙaramar magana ba ce. Ga kuma aljihu. Da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Injin da ke ɗingishi yana zubar da mai ɗanye ta salansa, man nan kuwa daga kuɗin cefanenki a ke yankarsa.

Gindin bedi

In kin zagaya bayan ƙofofin za ki ga gareji-gareji a inuwar itacen nan da Kanawa ke kira darbejiya, Katsinawa kuwa su ce bedi. Ƙasa ta yi baƙi da mai, yara masu koyo suna wanke ƙarfe cikin kwanon fetur. Ki lura da dattijon bakanike in an kawo masa mota mai karkarwa. Ba ya fara ɗaukar sifana. Sai ya ce wa yaronsa, "Kai, tashe ta, ka bar ta a silo." Silo shi ne aikin injin a hankali sa'ad da mota ke tsaye, ba wanda ya taka totur. Sai ya goya hannu a baya, ya karkata kai, ya yi shiru yana saurare.

Abin da ya ke saurare kin fi shi saninsa. Kin san lugude? Mata huɗu kan turmi ɗaya, ko wace taɓarya na sauka a lokacinta. Haka injin mai tukunya huɗu ya ke. Cikin ko wace tukunya akwai fistin mai hawa da sauka kamar taɓarya, suna bugawa bi da bi: ta 1, ta 3, ta 4, sa'an nan ta 2. In injin na juyi 600 a minti ɗaya, bugu 20 ke nan cikin ko wace daƙiƙa. In mace ɗaya ta saki taɓaryarta, ko daga bayan katanga kin ji lugude ya ɓaci. To, shi ne ɗingishin injin.

Don tukunya ta buga, abu huɗu ta ke bukata: iska, mai, wuta, da matsi. Ukun farko na murhunki ne. In itace ya yi yawa iska ta kasa, sai hayaƙi. In iska ta yi yawa itace ya ƙaranta, wuta ta mutu. Injin fetur yana son iska kamar kashi 15 ga mai kashi 1, in an auna da nauyi. Na huɗun, watau matsi, shi ne fistin ya danne iska da man nan a ƙuntataccen wuri kafin tartsatsi ya kama su. Ciwon silo duk cikin huɗun nan ya ke ɓuya.

Tambayoyin farko

Bakanike na kirki kamar likita ne, sai ya yi tambaya. "Hajiya, da safe ta ke yi, ko sai ta yi zafi? Yaushe ta fara? A ina aka sha mai na ƙarshe?" Sau da yawa maigida ba ya tunawa, ke kuwa da ke zaune a ciki kina jin tashinta ko wace safiya kin sani.

Sa'an nan a dubi hayaƙi. Baƙin hayaƙi mai warin fetur, mai ne ya yi yawa. Shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne ke haurawa cikin tukunya yana ƙonewa, alamar ringi ko bawul sun gaji. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa ko injin ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, to ruwa ne ke shiga, gasket ɗin kan injin ya ƙone. Amma ɗan tururin da ke fita da sanyin safiya ya ɓace, wannan ba kome ba ne.

Iska

Daga iska a ke farawa, don ita ce mai araha. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na sauke wa Katsina ƙura daga hamada, kin ga yadda ta ke kwanciya a kan kwanukan jerenki. Haka ta ke toshe matatar iskar mota. Matata ta toshe, iska ta ragu, mai ya rinjaya, sai baƙin hayaƙi. Tsofaffin Land Rover tukunyar baƙin mai gare su wadda iska ke ratsawa ƙura ta maƙale. Da rani man nan kan zama taɓo, sai a zubar, a wanke, a zuba sabo daidai layin da aka zana. Mai matatar takarda kuwa a kaɗe ta ko a sake.

Akwai kuma iskar sata. A silo, ƙofar iskar kafireta kusan rufe ta ke, injin na zuƙa ta ɗan tsagi. Saboda haka in zafin rana ya fasa wata robar tiyo, ko gasket ɗin gindin kafireta ya saki, 'yar iskar da za ta kutso ta nan ta isa ta ɓata awo. A kan gudu ba a ji, gama ƙofa a buɗe ta ke, ta satar ba ta taka kara ta karya ba. Wannan ne dalilin da mota kan yi lafiya lau a hanya, ta tsaya ta kama rawa. Alamarsa wani siririn huci ne kamar na maciji. Gwajinsa kuwa mai sauƙi ne: a ɗan ja cok. In injin ya daidaita, to mai ne ya kasa masa, ko dai iskar sata, ko hanyar mai ta toshe.

Mai

Fetur da ruwa ba su gauraya, ruwan ya fi nauyi, ƙasa ya ke kwanciya. A jikin famfon man tsohuwar Land Rover akwai wani ɗan kofin gilashi. Ki leƙa shi. In kin ga ruwa ko yashi kwance a gindinsa, kin kama ɓarawo. Man galan na 'yan bumburutu a bakin hanya shi ya fi zuwa da wannan, balle in jarkar ta sha ajiya. Ko man gidan mai ma ya taɓa ba da kunya: a farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata motoci da dama.

Cikin kafireta akwai wani ɗan ƙarfen tagulla mai huda kamar kafar allura, shi ke ba injin mai a silo kaɗai. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe shi. Maganinsa a kwance, a wanke da fetur, a hure da iska. Kada ki yarda yaro ya zura masa waya ko allura. Tagulla taushi gare ta, huda ta faɗaɗa ba ta komawa, motar ta zama mashayiya ke nan har ran da aka sayi sabo. In kuwa warin fetur ya cika wuri, kafireta na jiƙewa, to tulluwar da ke rufe mai in kwano ya cika ce ta maƙale ko ta huje.

Wuta

Yanzu sai fulogi. In an kwance su a jera bisa tsari, kada a gauraya, gama ko wane na ba da labarin tukunyarsa. Mai launin ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, lafiya lau. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. Baƙi mai danƙo, baƙin mai ke hawa. Fari fat, mai ya kasa, zafi ya yi yawa. In uku sun yi kyau ɗaya ya bambanta, ga mai sakin taɓarya nan.

Akwai wata dabara ta kanikawa. Injin na aiki, sai a zare wayar fulogi ɗaya da filaya mai roba. In karkarwa ta ƙaru, wannan tukunya tana aiki, a mayar. Wadda aka zare injin bai ko kula ba, ita ce matacciya. Wannan gwaji na tsofaffin motoci ne, kuma aikin gwani ne, don wutar da ke bin wayar nan dubban bolt ce. Abin da ke naki shi ne da dare: a ɗaga murfin injin cikin duhu, ki tsaya nesa kaɗan. In kin ga shuɗin tartsatsi na tsalle a jikin wayoyi, sun tsufa, wuta na zuba a hanya.

Wayoyin nan daga dilko suke fitowa, shi ne mai raba wuta. Murfinsa kan tsage, da marka kuma raɓa kan kwanta ciki, sai a goge da busasshen ƙyalle. Cikinsa akwai kwantak, bakuna biyu masu buɗewa da rufewa. Ko wane abu da awonsa. A injin fetur na Land Rover mai lita 2 da kwata, wanda ya fito a 1958, tazarar kwantak kamar milimita 0.4 ce, ta fulogi kuwa kamar 0.8. Ba da ido a ke auna wannan ba, akwai siraran ƙarafa na awo. Bakaniken da kika gan su a aljihunsa, ki riƙe shi.

Matsi

In iska da mai da wuta duk sun fita zargi, saura matsi. Ga gwajin da ko ke kya iya. Ki riƙe 'yar takarda a bakin salansa. Hayaƙi ya kamata ya riƙa tura ta waje kawai. In kin ga lokaci-lokaci ana zuƙo ta ciki, akwai zaton bawul ya ƙone ko ba ya rufewa. Wani lokaci gyaran ɗan kaɗan ne, a daidaita tazarar tafet, wadda a injin da na ambata milimita 0.25 ce. Tabbaci kuwa sai da agogon awon matsi, a ɗaura shi a ramin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Tukwanen huɗu su zo kusan daidai, bambancinsu kada ya wuce kamar kashi 1 cikin 10. Kada a sauke injin sai an yi wannan awo a gabanku.

Wani abin mamaki, mota kan yi rawa alhali injin lafiyarsa ƙalau. Robobin da ya ke zaune a kansu ne suka mutu. Kunne zai gaya miki: sauti daidai, jiki ne kaɗai ke kaɗawa.

Motocin da suka biyo baya ba su da kafireta, nozul ke fesa mai, ƙaramar kwamfuta na yin awo. Waɗanda aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da wata kafa da a ke jona na'ura ta faɗi inda ciwo ya ke. Duk da haka abu huɗun nan ne dai. Mai shan gas kuwa ba ta da fulogin tartsatsi, matsi kaɗai ke kunna mata wuta. In ta yi ɗingishi a fara duba matatar mai, da iskar da ta shiga tiyon mai, da nozul.

Gyaran ganga-ganga

Ga abin da na fi so ki riƙe. Akwai wani sukuru da in an murɗa shi silo ya tashi, injin ya yi ta gunji, karkarwa ta ɓuya. Minti ɗaya an gama, an karɓi kuɗi. Wannan rufe tukunya ne da faifai alhali tuwo na ƙonewa. Ciwon na nan, mai na tafiya, giya na ƙara in za a sa ta. Sukurun silo da na awon mai su ne na ƙarshen taɓawa, bayan injin ya yi zafi, bayan an gyara sauran.

Don haka in maigida ko ɗanki zai kai mota, ki ce masa cikin ladabi, "Malam, a fara da mai araha, a sake abu ɗaya-ɗaya ana gwadawa, a kuma dawo mana da tsohon da aka cire." In an sake abu biyar gaba ɗaya, ba wanda zai san wanne ne mai laifi, kun biya kuɗin huɗu a banza.

Hattara kuma. Mayafi da gyale da bakin zane su yi nesa da fanka da fanbel, gama in suka kama ba su saki. Kada a buɗe lagireto da zafi. Kada a haska fetur da fitilar kwai ko ashana. Mafi girma duka, kada a bar mota ko janareta na aiki cikin rufaffen gareji, ko zaure, ko kusa da tagar ɗakin kwana. Cikin hayaƙin akwai iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa barci, barcin da ba a tashi.

Ba yau mata suka fara ba

Kada wata ta ce wannan ba huruminmu ba ne. Doguwar tafiya ta farko da aka taɓa yi da mota a duniya, mace ce ta yi ta. A watan Agusta 1888 Bertha Benz, matar maƙerin motar, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu daga Manhaim zuwa Foshaim a Jamus, tafiyar fiye da kilomita 100. Da tiyon mai ya toshe a hanya, da tsinken hularta ta buɗe shi. Marigayiya Sarauniyar Ingila Elizabeth, wadda aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956, ta koyi tuƙi da gyaran injin cikin soja a 1945, tana 'yar shekara 18. A ƙasarmu kuma ga Sandra Aguebor, mutuniyar Binin, wadda ta zama bakanikiya ta kuma kafa ƙungiyar koya wa 'yan mata sana'ar. A Katsina kanta akwai kwalejin fasaha mai sunan Hassan Usman Katsina, inda a ke koyar da aikin injiniya.

Ba na ce kowace ta shiga ƙarƙashin mota ba. Amma ku 'yan makaranta, ga aikin da zan ba ku. Ku tanadi ɗan littafi don motar gidanku, ko babur, ko janareta. Ku rubuta ranar da aka juye baƙin mai, da ranar da aka sake fulogi, da inda aka sha mai, da ranar da kuka fara jin sauti ya sake. Ku kuma iyaye mata, ran da za a yi tafiyar ƙauye a tashi motar tun da hantsi, a bar ta ta yi zafi, ku saurara. In lugude bai yi daidai ba, a biya gindin bedi kafin a fita ƙofar gari, gama rigakafi ya fi magani, kuma tafiyar safe ta fi ta yamma.

Wadda ke da tambaya ta rubuto ta hannun Edita. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu fita ta gabas mu nufi Daura, mu sha ruwan Kusugu. Allah ya kiyaye hanya, ya sauki kowa gidansa lafiya, amin.